DARASIN FIƘIHU: SHIN ANA TUHUMAR SHUGABA BAYAN YA SAUKA DAGA MULKI?

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, ka sani shugabanci amana ne, kuma hukuncinsa a fiƙihu bai yi nisa da hukuncin ajiya ba. In mutumin Kebbe zai tafi cin rani ya bar maka buhu goma na gero a rumbunka, ran da ya dawo yana da ikon ya ce ka auna masa. Ba za ka ce ai damina ta wuce, a bar maganar ba. Wucewar lokaci ba ta kayar da amana. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su, kuma a cikin ayar nan guda ya haɗa da umurnin yin adalci wajen hukunci. Malaman tafsiri da yawa sun ce shugabanni ne farkon waɗanda ayar take magana da su.

To, mas'alarmu ita ce: mutum ya riƙe ƙasa, ya ci dukiyar baitulmali ko ya zubar da jini ba bisa haƙƙi ba, sannan ya sauka, ko an tumɓuke shi, ko ya mutu. Shin an gama ke nan?

Asalin amsar yana cikin ƙissar Ibnul Lutbiyya, wadda Buhari da Muslim sunka ruwaito. Manzon Allah (S.A.W.) ya aike shi karɓar zakka. Da ya gama aiki ya dawo, sai ya ware dukiya kashi biyu, ɗaya na Musulmi, ɗaya kuwa wai kyauta ce anka yi masa. Annabi bai karɓi wannan rabon ba. Ya hau mumbari ya bayyana cewa da mutumin ya zauna ɗakin uwa tasa da ubansa da an ga ko kyautar za ta iske shi. Lura da lokacin da anka yi binciken: bayan an ƙare aiki ne. Daga nan malamai sunka fitar da cewa ana yi wa ma'aikaci hisabi idan ya sauka, kuma abin da muƙami ya jawo masa ba nasa ba ne.

Sayyidina Umar (R.A.) ya mayar da wannan tsari. An ruwaito yana rubuta abin da mutum ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in ya ga ƙari mai yawa sai ya raba dukiyar biyu, rabi ya shiga baitulmali. Ya aiki Muhammadu ɗan Maslama zuwa Masar ya yi haka da Amru ɗan Asi, ya kuma tuhumi Abu Huraira bayan ya dawo daga Baharaini. A kula, waɗannan sahabbai ne masu daraja, ba a ce sun yi sata ba. Shaida ita ce daga baya Umar ya nemi ya sake naɗa Abu Huraira, shi ne ya ƙi. Ashe tambaya ba cin mutunci ba ce, kuma wanda anka tambaya yana iya fita da fari.

Wataƙila ka ce, Malam, ai waɗannan gwamnoni ne, ina na shugaban ƙasa gaba ɗaya? Dubi Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 99 zuwa 101 bayan Hijira. Ya iske gonaki da dukiyoyi a hannun danginsa Banu Umayya waɗanda halifofin da sunka gabace shi sunka ƙwace ko sunka rarraba ba bisa ƙa'ida ba. Masu laifin da yawa sun riga sun mutu, kuma 'yan'uwansa ne na jini. Duk da haka ya buɗe ƙofar mayar da mazalim, wato abubuwan da anka karɓe da zalunci. Da gidansa ya fara, har kayan adon matarsa Faɗimatu 'yar Abdulmalik sai da ya shiga baitulmali. Daga baya Imam Mawardi ya keɓe babi guda a kan wilayar mazalim a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, wato kotun da aikinta shi ne sauraren ƙara a kan masu ƙarfi waɗanda alƙali na gari ke jin nauyinsu.

Mu nan ƙasar ba baƙi ba ne ga wannan magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ayyukan sarakunan zamaninsa, cin dukiyar talakawa da karɓar toshiya na cikinsu. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'ar jihadi ita kanta, sai ya kama hanyar gabas, ya tsaya Kano, can ya rubuta Liya'ul Hukkam don masu mulki su san iyakarsu. Ga Gwandu nan kusa da mu. Abin kunya ne ɗalibin Tambuwal ya san labarin kotunan Turai bai san wannan ba.

Yanzu mu zo ga zamaninmu, mu fara da na gida. Duk wanda ya taso daga Tambuwal za shi Sakkwato sai ya ratsa ta garin Shagari. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, tsohon malamin makaranta ne, ya zama shugaban ƙasa a 1979, soja sunka kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1983. Gwamnatin Janar Buhari ta kafa kotunan soja a ƙarƙashin Doka ta 3 ta 1984, anka ɗaure gwamnoni da dama shekaru masu yawa. Shi Shagari an tsare shi a gida a Legas, mataimakinsa Dokta Alex Ekwueme kuwa a kurkukun Kirikiri, sama da shekara biyu ba a kai su gaban alƙali ba. Sai a 1986, zamanin Janar Babangida, kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya duba lamarinsu, bai same su da laifin cin dukiya ba. Anka sake su, amma kuma anka haramta wa Shagari siyasa, anka iyakance shi ga garinsu na wani lokaci. Ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018, anka binne shi Shagari. Allah ya jiƙansa.

A ma'aunin shari'a, binciken daidai ne, domin an yi ɓarna a waccan jamhuriya kuma shi ne riƙe da ragama. Amma tsare mutum shekara biyu ba tuhuma a fili, wannan ba ya cikin koyarwar da munka gada. Ƙa'idar da ka karanta a Risala ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Dokar sojan nan kuwa ta karkata ga ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin wanke kansa. Kuma in kwamiti ya ce bai sami laifi ba, a kan me za a ƙara masa wani horo? Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar mutane ta sa a bar adalci. Wannan ayar ita ce shingen da ke tsakanin hisabi da ramuwar gayya, kuma sabuwar gwamnati ta fi kowa bukatar ta, domin ita ce mai ƙara, ita ce mai bindiga.

Na biyu shi ne Janar Sani Abacha, wanda ya yi mulki daga Nuwamba 1993 har ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998. Ba wata kotu da ta gurfanar da shi da ransa. Dukiya ce anka bi. Ƙasar Suwizalan ta mayar wa Nijeriya ɗaruruwan miliyoyin dala a zamanin Obasanjo, sannan anka ƙulla yarjejeniyar mayar da dala miliyan 321 a 2017, a 2020 kuma anka karɓo kimanin dala miliyan 311 ta hannun Amurka da tsibirin Jasi. Waɗannan na ƙarshen an ce za a sa su ga hanyar Abuja zuwa Kano, da ta Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan kogin Kwara.

Nan ne gardama ke tashi a majalisa da tashar mota. Wani ya ce mutum ya mutu, a bar shi da Ubangijinsa, ai Annabi ya hana zagin matattu. Gaskiya ne ya hana, kuma mu ma mun hana ɗalibanmu. Amma zagi daban, neman haƙƙi daban. Annabin da ya hana zagin mamaci shi ne ya dakata ga yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuma ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sanya rabo bayan wasiyya da bashi. Kai, abin da anka ƙwace ma bai kai matsayin bashi ba, domin tun farko bai shiga mallakar mamacin ba, balle ya zama gado. In magaji ya san asalin dukiya ta jama'a ce, wajibi ne ya mayar, kuma yin haka jinƙai ne ga mahaifinsa, yana rage masa kaya. Wani kuma ya ce ai ya yi ayyuka, ga asibitoci da magunguna na asusun rarar man fetur. Ayyukan alheri Allah ba ya tozarta su. Sai dai ba a biyan bashin Audu da kyautar da anka yi wa Tanko. Amma fa a faɗi ɗaya gefen: wanda ya karɓo dukiyar nan da sunan jama'a shi ma amana ta hau kansa, kuma tambayar da anka yi wa na farko tana jiran na biyu.

Mas'alar jini ta fi ta dukiya nauyi. A 1999 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don sauraren koke-koken zaluncin zamanin soja. Mutane dubbai sunka kai ƙara. Obasanjo da kansa ya bayyana gaban kwamitin a kan abin da ya faru a mulkinsa na soja. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, an gayyace su ba su je ba. Lauya Gani Fawehinmi ya so a yi tambaya a kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda bam na cikin wasiƙa ya kashe a Oktoba 1986. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2003 ta yanke cewa kwamitin ba shi da ikon tilasta wa kowa zuwa. An miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Ka kiyaye harshenka a nan, ya ɗalibi: ba kotun da ta tabbatar da laifin kisa a kan ko ɗaya daga cikinsu, don haka ba ya halatta ka tabbatar. Abin da muke iya faɗi shi ne an rufe ƙofar tambaya, mai laifi bai bayyana ba, marar laifi kuma bai samu wankewa ba. Hasara biyu ke nan.

Ko dokar ƙasa ba ta ce a bar su ba. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kariya daga gurfana, amma muddin suna kan kujera kawai. Ran da sunka sauka rigar ta tuɓe. A Musulunci kuwa ko wannan rigar babu ita. Annabi (S.A.W.) ya buɗe cikinsa ga Sawadu ɗan Gaziyya ranar Badar don ya rama zungurar da ya yi masa wajen daidaita sahu. Malamai sun tabbatar da cewa sarki in ya zalunci talakansa ana yi masa ƙisasi kamar kowa.

Maƙwabtanmu sun nuna abin yana yiwuwa. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, ya gudu Senegal. Kwamitin binciken ƙasarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum wajen 40,000 sunka halaka a zamaninsa. Waɗanda sunka tsira daga kurkukunsa ba su gaji ba, shekara ashirin da wani abu suna bin magana, har wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal sunka kafa a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. An ba shi lauyoyi, an kawo shaidu, an ba shi damar ɗaukaka ƙara. Ya mutu a 2021 yana cikin hukuncin, alhali diyyar da kotu ta yanke ba ta kai ga masu ita ba a lokacin.

Saura batun afuwa. Sau da yawa za ka ji an ce a yafe don zaman lafiya. Afuwa abu ne mai kyau, amma wa ke da ikon yin ta? Malamai sun raba haƙƙi biyu: na Allah da na ɗan Adam. Na Allah, tuba ta gaskiya tana shafe shi. Na ɗan Adam kuwa sharaɗin tubarsa shi ne mayar da abin ko neman yafewar mai shi. Jinin wanda anka kashe, waliyyansa ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da afuwa, ko da diyya ko ba diyya. Shugaban da ya gaji kujera ba shi da ikon ya yafe jinin ɗan wani. Dukiyar baitulmali kuwa shi wakili ne a kanta, wakili ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Iyakar abin da yake iyawa shi ne ya sassauta ta'aziri, wato horon da shari'a ta bar wa ganin shugaba, in ya ga maslaha. Kuma ka sani wanda anka ba amana ya ci, sunansa a fiƙihu maha'inci, hukuncinsa ba irin na ɓarawon da ya fasa rumbu da dare ba ne: ba yanke hannu, sai dai mayarwa da ta'aziri gwargwadon girman ɓarnar.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka izini ne na tawaye ko na yaɗa jita-jita. Hanyar ita ce alƙali da shaidu, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta bincike kafin a kama labari. 'Yan aji shida su duba babin hukunce-hukunce da shaida a Risala, su rubuto amsar wannan kafin fitowa ta gaba: in magada sun raba dukiya, daga baya ta tabbata ta baitulmali ce, alhali wasunsu sun riga sun cinye rabonsu ba da sani ba, wa za a bi?

Wallahu a'alamu.