Darasi Daga Muzdalifa: Nana Sauda Da Tambayar Yanke Teɓa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa matasa, wata 'yar'uwa ta aiko mana da tambaya a kan yayarta. Haihuwarta biyar, fatar mararta ta saki har ta zubo, ƙarƙashinta kullum cikin gumi da ƙuraje, wani lokaci har gyambo. An gaya mata likitoci suna yanke irin wannan fata. Shin addini ya yarda? Kafin mu amsa bari mu fara biyawa ta Muzdalifa, domin an yi wani abu a can da ya shafi nauyin jiki.

Muzdalifa fili ne tsakanin Arafa da Mina. Idan rana ta faɗi ran 9 ga Zulhajji, nan alhazai ke gangarowa su haɗa Magariba da Isha'i, su kwana a ƙasa, sama ce rufinsu. A mazhabarmu ta Malikiyya, sauka a wurin gwargwadon a sauke kaya wajibi ne, kwana kuwa sunna. To, a Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Uwar Muminai Nana Sauda 'yar Zam'a, wadda mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya, ta nemi izinin Manzon Allah (SAW) ta wuce Mina tun da dare kafin turmutsutsun jama'a. Ya yi mata izini. Nana A'isha ce ta ba da labarin, Buhari da Muslim suka ruwaito, har ta nuna da ma ita ma ta nemi izinin nan.

Ku lura, ba wanda ya yi mata dariya, ba wanda ya ce ta je ta rage jiki. Nauyinta sauƙi ya jawo mata. Mu kuwa a zongo, mace ta sha wahalar naƙuda, ranar suna ana ta leƙen cikinta, samari a wurin shan ataya suna laƙaba wa matan mutane sunaye. Da yawa daga masu neman wuƙar likita bakin mutane ne ya kora su, jikinsu lafiya lau. Mu ji tsoron Allah.

Yanzu ita tiyatar. Ana sa wa mutum maganin barci, likita ya tsaga daga ƙugu zuwa ƙugu ta ƙasan mara, ya ɗaga fatar, ya ɗinke tsokar ciki idan goyon ciki ya raba ta, ya yanke rarar fata da kitse, sannan ya huda wa cibiya sabon gurbi. Aikin kan ci awa biyu zuwa biyar. Sai an yi wajen sati shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, tabon kuma yana nan har abada. Ba maganin ƙiba ba ce, kuma sabon ciki yana iya warware aikin. Haɗarinta: zubar jini, taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, ruɓewar ɗinki, da gudan jini da kan tashi daga ƙafa ya toshe huhu. Kada a ɗauka sai talaka ke faɗawa. Stella Obasanjo, matar shugaban Nijeriya na lokacin, ta rasu ran 23 ga Oktoba 2005 a ƙasar Sifen bayan tiyatar tsotse kitse, kuma a 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci.

Game da hukunci, malamai sun kafa hujja da abu biyu. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta nuna canza halittar Allah yana cikin abin da Shaiɗan ke umurni da shi. A ɗaya ɓangaren kuma ga sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Ke nan mayar da abin da ya lalace yadda yake magani ne. Ƙari a kan halitta lafiyayya don a burge jama'a, shi ne abin hani.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi zama a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a watan Yuli 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173. Ta halatta tiyatar gyara lahani, na haihuwa ko na ƙuna ko na haɗari. Ta halatta rage kitse da tiyata idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince daga cutarwa. Ta hana wadda ake yi don son zuciya da kwaikwayon wasu.

Saboda haka yayar mai tambaya, wadda fatar ke jawo wa gyambo, tana cikin masu uzuri, insha Allahu. Amma ta fara da wanke wurin da busar da shi da maganin asibiti. Idan abin ya ƙi, ta nemi ƙwararren likita mai lasisi, ya gaya mata haɗarin baki da baki, ta amince da kanta ba don mijinta ya matsa ba. Wurin al'aura ne, don haka likita mace ake fara nema, in babu sai namiji, a buɗe iya wurin aiki kawai. In kuma tana da niyyar Hajji, kada ta yi aikin dab da tafiya, domin doguwar zama a jirgi tana ƙara haɗarin gudan jini, ga kuma tattakin Arafa zuwa Mina da ɗanyen ɗinki.

Wallahu a'alamu.