Bayani a Kan Gadon Ciwon Sukari na Yara

Ya kamata mai karatu ya sani tun da farko cewa ciwon sukari ba iri ɗaya ba ne. Wanda muke nufin bahasi a kansa shi ne wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya, mai faɗa wa yara da matasa galibi. Asalinsa kuwa, garkuwar jiki, wadda Allah Ya halitta domin yaƙi da cututtuka, ita ke juyawa ta hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, mai suna fankiriyas, har ya zamana yaro yana ci yana ramewa, yana shan ruwa ƙishi ba ya sakinsa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, kiyashi kuma su yi ta taruwa inda ya tsuguna.

To, me ke sa garkuwar wani ta yi wannan ɓarna, ta wani ta ƙi? Kowane ɗan Adam yana ɗauke da tagwayen zaren gado 23, waɗanda ake kira kuromosom, rabi daga uba, rabi daga uwa. A kan na 6 akwai wasu ƙwayoyin gado masu suna HLA, aikinsu kamar na sarkin ƙofa ne, wanda ke nuna wa dogarai wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. A 1973 da 1974 masu bincike a Kanada da Denmak suka gano alaƙarsu da wannan ciwo, daga baya kuma ta tabbata cewa kusan rabin abin da ake gada na haɗarinsa a nan yake, musamman iri biyu, DR3 da DR4. Wanda ya haɗa su duka, haɗarinsa ya fi na kowa, alhali wani iri mai suna DQ6 kariya yake bayarwa. Akwai wasu wurare fiye da 50, amma tasirin kowannensu kaɗan ne.

Sai dai fa abin da ake gada shirin kamuwa ne, ba cutar kanta ba, hujja kuwa ita ce tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda gadonsu bai bambanta ba, amma sau da yawa ɗaya ya kamu, ɗayan ya shekara da shekaru lafiya lau. Haka nan yaran Finlan sun ninka na maƙwabtansu mutanen Kareliya ta Rasha wajen sau 6 a yawan kamuwa, ko da yake gadonsu ya yi kusa ƙwarai. Saboda haka ba daidai ba ne a kwatanta wannan ciwo da sikila, wadda gwajin jini kafin aure ke iya faɗin abin da zai yiwu ga zuriya.

Magidancin da ke gaggawar cewa daga dangin matarsa abin ya fito, ya yi zato ba bisa ilmi ba, domin ɗan da ubansa ke da ciwon ya fi kusa da kamuwa bisa ga wanda uwarsa ke da shi, sa'an nan mafi yawan yaran da ke kamuwa, wajen 9 cikin 10, ba su da mai irinsa a gidansu ko ɗaya. Ba kuma alewar da yaron ya sha ce ta jawo masa ba. Maganinsa allurar insulin ce kullum, wadda aka fara yi wa ɗan Adam a Toronto cikin Janairun 1922.