Madobiya ma tana da tsage

Manoma da makiyaya, yaushe rabonmu da ganin babbar madobiya tsakanin Madarumfa da dajin Baban Rafi? Dattawanmu sun san ta sarai. Da rani takan yi fure rawaya, ganyenta abincin bisashe ne, katakonta ja ne mai ƙarfi.

Katakon nan ne ya jawo mata. An sare ta da yawa a Afirka ta Yamma, ana kaiwa ƙasar Sin. A shekarar 2016 ƙasashen duniya suka sa wa cinikinta ƙa'ida. A 2018 aka sa ta cikin itatuwan da ake tsoron ɓacewarsu.

A ido, duk madobiya ɗaya ce. Amma kowane icce yana da gadon da ya samu daga iyayensa. Wani ya fi jure fari, wani ya fi jure cuta. Gadon yana cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani.

To, yaya za a gane shi? Mu tuna da tsage. A da, da ganin fuska mun san Bagobiri, mun san Bakatsine. Masana sun nemo irin wannan alama a cikin madobiya. Suna tsinko ganye, su busar, su niƙa, su auna a ɗakin bincike. A 2020 suka bayyana alamomi 17, bayan sun gwada itatuwan Nijar, Benin, Togo da Burkina Faso. Da su ake sanin itatuwan da ke dangin juna, da dajin da danginsa suka ragu.

Me ya shafe mu? Makiyayi ya san garken da ba a sako masa baƙon bijimi, 'ya'yansa lalacewa suke. Haka icce yake. In duk dashenmu daga uwa ɗaya ya fito, cuta ɗaya tana iya kwashe shi gaba ɗaya.

Saboda haka, in za mu tara iri, mu ɗebo daga itatuwa da yawa masu nisa da juna. In muna saran ganye domin bisashe, kada mu aske icce ƙwal. Mu bar rassan da za su yi 'ya'ya. Lokacin sassabe kuma, in mun tarar da tohon madobiya a gona, mu bar shi, mu kewaye shi da ƙaya saboda awaki.