'Yata, Kada Ki Raina Taron Ƙara wa Juna Sani

Ina fata karatu na tafiya daidai, kuma zafin Maiduguri bai hana ki barci ba.

Na ji an ce duk ranar da aka liƙa sanarwar taron ƙara wa juna sani a tsangayarku ta koyon aikin lauya, ke da ƙawayenki sai ku ce hutu ya samu. Wai ba a jarrabawa a kansa, ba a ba da maki. Ban ga laifinku ba. Ƙuruciya ce, kuma lakca ta yi muku yawa. Amma ki ba ni aron kunnenki kaɗan.

Ki fara tuna inda kike. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, ga ta nan a kan hanyar Bama. Ta ga shekarun da ake kwana da ƙarar bindiga. A watan Janairun 2017 bam ya tashi a wani masallacinta da asuba, Farfesa Aliyu Mani ya rasu a ciki, Allah Ya jiƙansa. Duk da haka malamai ba su ajiye alli ba. Kujerar nan da kike ƙyuyar zama a kai, da tsada aka riƙe muku ita.

Kuma muhawarar ilimi ba baƙuwa ba ce a Borno. Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a lokacin da yaƙi ke tsakanin ɓangarorin biyu. El-Kanemi yana tambayar hujjar yaƙar Borno, yana cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Bello yana ba shi amsa. Akwai zafi a cikin wasiƙun, ba a ɓoye ba. Amma dubi abin da Bello ya yi. Da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kawo maganar abokin jayayyarsa a ciki, sannan ya yi mata raddi. Shi ya sa har yau muke iya jin bakin kowa. Wannan tarbiyya ita ake koya a zauren da kike gudu.

Na san yadda zaman yake. A ce ƙarfe goma, a fara sha ɗaya. Shugaban taro ya daɗe yana gaida manyan baƙi. Mai maƙala ya tashi yana karatu kansa a ƙasa, wuta ta ɗauke, a jira a ta da janareta. Wasu na danna waya, wasu na jiran takardar sa hannu ta iso su sulale. Ki yi haƙuri da duk wannan. Ki jira lokacin tambayoyi. A nan ne za ki ga ƙaramin malami ya ce wa farfesa, cikin ladabi, hujjar nan ba ta zauna ba. A nan za ki ga farfesa ya yi shiru, ya ɗauki biro ya rubuta. Karatun aji tuwo ne da aka miƙo miki a kwano. A zauren nan ne ake shiga madafa a ga yadda ake tuƙa shi.

Bari in ba ki misali, don kada ki ɗauka maganar takarda ce kawai. Kin san matan nan da ke zama a inuwa suna ɗinkin hula, zare a baki, goyo a baya. Da yawansu daga Bama suka fito a 2014. A cikinsu akwai wadda mijinta ya ɓace tun ranar gudu. Ba ta ga gawa ba, ba ta ji saƙo ba. Ba ta yi takaba ba, ba a raba gado ba, ba ta san ko tana da damar yin wani aure ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2019 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ce akwai kusan mutum 22,000 da aka kai mata rahoton ɓacewarsu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta.

To, me shari'a ta ce wa wannan baiwar Allah? A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali. A yi cigiya. In ba a same shi ba, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Amma malaman sun rarrabe. Hukuncin wanda ya ɓace ana zaman lafiya daban, na wanda ya ɓace a fagen faɗa daban. Idan kuma bai bar mata abin ci ba, tana iya neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun nan ba. Dokar shaida ta tarayya kuwa, shekara bakwai ta sa kafin kotu ta ɗauka mutum ya mutu. Wane hukunci ne ya dace da abin da ya same mu? Wanda aka tsare ba a sanar da iyalinsa ba fa? In ya dawo ya tarar ta yi aure, har da rabo? Irin waɗannan tambayoyi ba a warware su a bakin rijiya. Sai an tara masana fiƙihu, da lauyoyi, da alƙalai, da masu nazarin zamantakewa, kowa ya kawo abin da ya sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wani abu kuma da ke sa wasu ja da baya. Da an ga batun mata da iyali a jikin sanarwa, sai a ce an zo da shirin Turawa. Ba na cewa ki haɗiye duk abin da aka faɗa. Wani mai maƙalar zai zo da ra'ayin da bai dace da addininmu ko rayuwarmu ba. To ai shi ya sa ake so ki kasance a wurin. In masu sani suka ƙaurace, wa zai gyara masa? Gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, da dokar hana cin zarafin jama'a a 2015. Sai a farkon 2022 Gwamna Babagana Zulum ya sa hannu a kan irinsu na Jihar Borno. Yanzu dokokin suna nan, kuma a kan gidajenmu za su yi aiki. Gara ki san abin da ke cikinsu, ki san inda suka haɗu da fiƙihu da inda ake da saɓani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sau da yawa ma za ki tarar haƙƙin da ake hana mace, littattafanmu sun riga sun ba ta. Tumunin takaba nata ne in mamaci ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Riƙon yara bayan rabuwa, a Malikiyya, uwa ce a gaba: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Mata nawa aka ƙwace wa yara don ba su san wannan ba?

Falsafa ma kada ta ba ki tsoro. Malamanmu na zaure sun karanta mandiƙi, wato ilimin auna hujja. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubuce-rubuce a fagen hikima da falsafa. Tambayar mene ne adalci, kuma me ya sa ake bin doka, ita za ki riƙa fuskanta duk ranar da kika tsaya gaban alƙali.

Saboda haka in kin je, ki je da littafin rubutu. Ki zauna inda za ki ji. Ki saurari mutum har ya dasa aya. Kafin ki musa masa, ki tabbata za ki iya maimaita maganarsa yadda shi kansa zai ce haka yake nufi. In za ki yi tambaya, ki yi sallama, ki faɗi sunanki, ki taƙaita. Muryarki za ta yi rawa a karon farko. Ba komai, ta kowa ta yi. Matambayi ba ya ɓata. In an gyara miki a gaban jama'a, ki yi godiya. In kuma ke ce da gaskiya, kada ki kunyata babba. Magana zarar bunu ce, kuma malamin nan gobe kina buƙatarsa.

Abu na ƙarshe, kada ki bar abin da kika ji a cikin jaka. Maƙaloli da yawa sukan ƙare a kan kanta, ƙura ta rufe su, alhali mai buƙatarsu tana bayan katangar jami'a. In kin dawo gida, ki mayar da shi Hausa ko Barbarci. Ki zauna da matan unguwa ki yi musu bayani a hankali. Ba na ce ki ba da fatawa ba, ba ki kai nan ba tukuna. Amma kina iya gaya wa mace cewa matsalarta tana da hukunci, ki nuna mata hanyar kotu, ki raka ta in tana jin tsoro.

Taro na gaba da za a sanar, ki je, ki kuma ja ƙawarki ɗaya. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa al'umma ta ci moriyarki.