Darasin Wannan Wata: Nauyin Kayan A-kori-kura da Takardun Mota

Idan kakar albasa da tafarnuwa ta zo, hanyar Goronyo zuwa Sakkwato takan cika da motocin a-kori-kura. Wasu daga fadamun Wurno suke fitowa da shinkafa, wasu daga Rabah da gero da wake, wasu kuma kasuwar Achida suka nufa da awaki. Da yawa cikinsu akan gan su bayansu ya zauna, gabansu ya ɗaga sama, ga mutane a kan kaya. Wannan darasi zai bayyana cewa kowace mota tana da iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma a kan wannan iyaka hukuma take yi mata rajista.

Nauyi iri uku

Na farko shi ne nauyin motar kanta, babu kaya, babu mutane.

Na biyu shi ne cikakken nauyi, wato motar da duk abin da ke cikinta idan ta kai iyakarta. Kamfanin da ya ƙera motar shi ne yake yanke wannan adadi, bayan ya auna ƙarfin birki da tayoyi da shasi. Akan same shi a littafin motar, ko a wani ɗan faranti da aka manna a jikin ƙofa ko wajen inji. Kusa da adadin akwai harufa biyu, kg, ma'anarsu kilo.

Na uku shi ne nauyin kaya. Ana samunsa ne idan aka ɗebe na farko daga na biyu. Yawancin a-kori-kura, irin Toyota Hilux da tsohuwar Peugeot 504, abin da suke ɗauka bai yi nisa da tan 1 ba. Tan 1 kuwa kilo 1,000 ne.

Misalin lissafi

A ce ga wata mota, nauyinta ita kaɗai kilo 1,700, cikakken nauyinta kuma kilo 2,700. Idan aka ɗebe, saura kilo 1,000. Amma ba duka ne na buhuna ba, domin mutane ma kaya ne a wurin mota. Direba da yaron mota da mai kaya, in aka ba kowane kilo 60, sun cinye kilo 180. Saura kilo 820.

Buhun takin zamani kilo 50 ne, don haka motar za ta ɗauki buhu 16. In kuwa buhun albasa ne mai kilo 100, buhu 8 ne rabonta. To, in aka loda mata buhu 15 na albasa, mutum 6 suka hau kai, nauyin ya kai kilo 2,040. Ke nan an ɗora mata kayan mota biyu.

Abin da ya haɗa nauyi da rajista

Ranar da aka kai mota ofishin lasisin motoci na jiha domin rajista, ana rubuta sunan mai ita, da lambar shasi, da lambar inji, da irin motar, da nauyinta, da kuma aikin da za ta yi. Daga nan ake sanin rukunin da za a sa ta da kuɗin da za a biya, domin kuɗin a-kori-kura daban yake da na babbar motar kaya. Lasisin mota ana sabunta shi kowace shekara.

Lambar mota ita ma tana magana. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya ne, kore kuma na gwamnati. Motar da take ɗaukar kayan mutane ana biyanta, motar haya ce, jar lamba ta kamace ta. Wanda ya yi rajistar motar gida ya koma yana haya da ita ya saɓa doka, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora yana iya ƙin biya.

Haka kuma lasisin tuƙi yana tafiya da nauyi. Rukunin B na motar gida ne wadda cikakken nauyinta bai kai tan 3 ba. Rukunin C ya haɗa har da ta haya mai irin wannan nauyi. Motar da ta wuce haka tana bukatar lasisi na gaba. Saboda haka direba ya dubi harafin da ke jikin lasisinsa, ya gwada da nauyin motar da yake ja.

Masu duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, su ne suke ba da takardar shaidar cewa mota ta cancanci hawa hanya. Ita kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, lodin da ya wuce kima laifi ne a dokarta, akwai tara a kansa.

Ƙarin sifirin ba ya ƙara iyaka

Wasu sukan je wurin makaniki a ƙara wa mota sifirin, ko wurin mai walda a ɗaga mata bodi. Wannan yana hana bayanta zama, amma birki yana nan yadda yake, tayoyi ma haka, kuma adadin da ke cikin takarda bai canja ba. Kowace taya an rubuta iyakar nauyinta a gefenta. Idan kaya suka yi mata yawa, ga zafin kwalta na bazara, sai ta fashe. Mota mai nauyi ba ta tsayawa da wuri in an taka birki. Kayan da aka jibga suka yi tsawo kuma sukan rinjayi mota a kwana. Garin neman ƙiba sai a samo rama: albasar da aka yi wata huɗu ana ba ta ruwa ta watse a titi, wani lokaci har da rai.

Manomin da zai ɗauki shatar mota yana da hakkin ya tambayi iyakarta kafin a fara lodi. Sahu biyu da lafiya ya fi sahu ɗaya da kuka.

Tambayoyi

1. Mota mai nauyin kilo 1,800 da cikakken nauyi kilo 2,800, kilo nawa za ta ɗauka?
2. Idan mutum 4 suka shiga, kowane kilo 60, buhun taki nawa ya rage mata?
3. Wane launi ne rubutun lambar motar haya?

A rubuta amsa a littafi, a kai wa malamin aji ya duba. Allah ya kiyaye hanya, amin.