Amsar Tambaya: Ina Mai Bindiga Zai Ajiye Ta Idan Zai Shiga Banki ko Kotu?

Mai tambaya daga Unguwar Rimi yana son sanin inda zai adana ƙaramar bindigarsa idan zai shiga wurin da aka haramta makami, kamar bankunan titin Yakubu Gowon, inda ƙofa mai na'urar gano ƙarfe ke tsare mai ɗauke da shi, ko kotu, ko zauren Majalisar Dokoki da ke Lugard Hall.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya fistol, wato bindigar da ake harbawa da hannu ɗaya, cikin haramtattun makamai waɗanda lasisinsu ke hannun Shugaban Ƙasa kaɗai, yayin da bindigar farauta ta zamani ke buƙatar izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Wanda ba shi da wannan takarda, matsalarsa ta wuce ta wurin ajiya, kuma lauya ya kamata ya nema.

Mai lasisi kuwa, gara ya bar bindigar a gida cikin akwatin ƙarfe mai makulli, a cire harsashi a ajiye daban, nesa da yara. Barinta a aljihun mota ganganci ne, domin ɓarawon mota ya tsinci makami kyauta. Ba wa maigadi amanarta kuma ya saɓa doka, tunda mutum ɗaya aka ba lasisin. Idan ta ɓace, wajibi ne a sanar da hukumar da ta ba da lasisin cikin kwana goma sha huɗu.