Tace Ruwan Sha Da Alam A Ƙauye

Malam manomi, da damina ruwan rafi da na kududdufi yakan yi jawur da laka. Ko ka ajiye shi a randa ya kwana ba zai kwanta sarai ba, domin ƙwayoyin lakar ƙanana ne ƙwarai, kuma suna ture juna. Aikin alam, wanda wasu ke kira alif, shi ne ya kashe wannan turin. Sai lakar ta dunƙule, ta yi nauyi, ta sauka ƙasa. Da shi ma gidajen ruwa na birane suke amfani.

Ka daka alam kamar girman ƙwayar wake, ka narkar a kofi, ka zuba cikin bokiti mai lita 20. Ka dama da ƙarfi na minti 1, sa'an nan a hankali na minti 5. Wannan damawa ta biyu ita mutane suka fi tsallakewa, alhali a lokacin ne lakar take haɗuwa. Ka bar ruwan ya yi awa 1, ka tsiyaye na sama cikin randa mai tsabta, ka zubar da dagwalon nesa da rijiya. In ka ji tsami ko bauri, alam ya yi yawa, sai ka rage.

Kada hasken ruwan ya ruɗe ka. Alam ba ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, rage su kawai yake yi. Lalle ne ka tafasa ruwan, ko ka sa masa kulorin, kafin iyalinka su sha.